Magangarar ruwan Timiya da itatuwan da suka saura a duwatsun Abzin

Mu mutanen Arewa, in an ce Agadas, rairayi da raƙuma ke zo muna a rai. Amma a tsakiyar duwatsun Abzin akwai wurin da ruwa ke zubowa daga saman dutse yana taruwa a wani kwarmi mai sanyi. Wannan ita ce magangarar ruwan Timiya, ƴan kilomitoci kaɗan daga garin, cikin gundumar Iferwan ta jihar Agadas.

Ruwan na damina ne. Daga watan Yuli zuwa Satumba, in an yi ruwa bisa duwatsu, sai ya gangaro da ƙarfi. Da rani yakan ragu ƙwarai, amma wanda ya nutse cikin rairayin korama shi ke riƙe rijiyoyin garin. Da shi ne Abzinawan Kel Ewey ke noman garka: dabino, lemu, rumman, alkama da albasa. Su ne kuma masu ayarin da ke zuwa Bilma ɗaukar gishiri, su kawo shi ƙasar Hausa su sayi hatsi.

A bakin koramun za a ga itatuwan da muka saba da su nan gida, irin su gawo, aduwa, magarya da goriba. Abin da ba mu da shi yana can sama. A ƙwanƙolin Bagzan, inda dutse mafi tsawo a Nijar yake (mita 2,022), da Tamgak da Girebun, akwai zaitun na daji, ɗan uwan wanda ake tatsar mai da shi a ƙasashen Larabawa. Ban da Abzin, ana samun shi ne a wurare ƙalilan, kamar duwatsun Hoggar na Aljeriya da Jabal Marra na Sudan. Saura ne na zamanin da Sahara ke da ruwa da ciyawa, shekaru dubbai da suka wuce. Mu ma muna da shaidar wannan zamani a ƙofar gida, don Dallol Mawri da ya ratsa Dogon Dutsi tsohon gulbi ne da ya ƙafe.

Matsalar wannan zaitun ita ce da wuya yake tsirowa daga iri. Yawanci tsohon gindi ne ke tofo, kuma awaki da raƙuma na cinye tofon. Ke nan wanda aka sare, babu tabbas wani zai maye gurbinsa. Don kare irin wannan dukiya ne aka keɓe gandun Abzin da Tenere a 1988. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara guda bayan nan ta sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari.

Mai niyyar zuwa daga Sukukutane zai fita Dogon Dutsi, ya bi ta Ƙonni, Tawa da Abalak har Agadas. Daga nan Timiya ta haura kilomita 200, hanya ce ta duwatsu, sai kat-kat da direban da ya san ta. Lokacin ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi daɗin tafiya, amma a riƙe bargo, sanyin dutse ba wasa ba ne. Da damina koramu na cika farat ɗaya, kar a kwana cikinsu. Kafin a tashi, a tambayi hukuma halin da tsaron hanya ke ciki.

In an isa, a fara gaida mutanen gari, a nemi ɗan jagora. Kar a zuba sabulu ko leda cikin ruwan, don bisashe na sha. Kar a karya reshe wai don tsaraba. Mai son tsaraba, ga lemu da dabino nan wurin masu garka.