CompTIA A+

CompTIA A+ takardar shaidar ƙwarewa ce ta matakin farko a fannin gyaran kwamfuta da kula da ita. Ƙungiyar CompTIA ta Amurka ce take bayar da ita tun shekarar 1993. Ba a gindaya sharaɗin digiri ko halartar aji kafin zama jarrabawarta, shi ya sa masu ƙaramin ƙarfi suke shirya mata a gida.

Tsarin jarrabawa

Jarrabawar kashi biyu ce, Core 1 da Core 2. Kowacce tambayoyinta ba sa wuce 90, a cikin minti 90. Ta farko ta shafi sassan kwamfuta, wayoyin hannu da haɗa na'urori, ana cin ta da maki 675 cikin 900. Ta biyu ta shafi manhajoji irin su Windows da Linux da kuma tsaro, ana cin ta da maki 700. Bayan shekara 3 ake sabunta takardar.

Karatu a gida

CompTIA tana fitar da jerin batutuwan jarrabawar kyauta a shafinta, kuma akwai darussan bidiyo kyauta a YouTube, kamar na Professor Messer. Saboda wasu tambayoyin na gwajin aiki ne, ɗalibai sukan kwance tsohuwar kwamfuta su sake haɗa ta, ko su gwada manhajoji a cikin VirtualBox.

Babban nauyin shi ne kuɗin jarrabawa. Kowane kashi ana biyansa daban, wanda ya faɗi kuma sai ya sake biya.