Sakaramenti: Mene ne Ma'anarsa a Ibadar Kiristoci?

Duk wanda ya zauna a Sabo ta Ibadan, ko Agege, ko Ama Hausa ta Owerri, ko Jabi a Abuja, ya san wata rana maƙwabci Kirista zai kawo masa katin gayyata: baftismar jariri, ko ɗaurin aure a coci. Da yawa sukan rasa yadda za su yi idan sun je. To, ga bayanin abin da ake yi a wurin.

Kalmar sakaramenti daga Latin ta fito, inda asalinta take nufin rantsuwar da soja kan yi. A wajen Kiristoci kuwa, alama ce da ido ke gani, kamar ruwa, mai, ko gurasa, wadda suka gaskata tana ɗauke da alherin Allah da ba a gani. Wannan fahimta ta samo tushe daga Augustine, bishop na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a 430.

Cocin Katolika tana da guda bakwai, kuma taron Trent ya tabbatar da adadin a 1547:

1. Baftisma: wanka da ruwa da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ita ce ƙofar shiga, sau ɗaya ake yi.
2. Ƙarfafawa: bishop yakan shafa wa mutum mai a goshi ya ɗora masa hannu.
3. Jibin Ubangiji: gurasa da ruwan inabi, tunawa da abincin ƙarshe da Yesu ya ci da almajiransa. Katolika sun gaskata sukan zama jikinsa da jininsa, shi ya sa suke barin ci da sha na awa ɗaya kafin karɓa.
4. Furta zunubi: a gaban fada, wanda aka haramta masa faɗin abin da ya ji ko da za a kashe shi.
5. Shafa wa mara lafiya mai.
6. Naɗin malaman coci: dikon, fada da bishop.
7. Aure: mace ɗaya, kuma idan ya ƙullu bisa ƙa'ida babu saki.

Cocin Otodoks na Masar da Habasha su ma bakwai suke lissafawa.

Amma fa ba duka ne suka yarda da bakwai ba. Bayan Martin Luther ya yi wa Roma tawaye a 1517, yawancin Furotesta suka tsaya kan biyu: baftisma da Jibin Ubangiji, domin a ganinsu su ne Yesu ya yi umarni da su kai tsaye. Haka Angalikan suka rubuta a ƙa'idojinsu 39 na 1571, kodayake suna yin ƙarfafawa da sauran a matsayin hidimomin coci. Babban cocinsu na Abuja yana Life Camp, dab da Jabi. ECWA kuwa, wadda ta fito daga mishan ɗin SIM a 1954, da Baptist, ba sa yi wa jariri baftisma. Sai mutum ya yi hankali ya furta bangaskiyarsa da bakinsa, sannan a nutsar da shi cikin ruwa gaba ɗaya.

Kada a ɗauka abin na ’yan kudu ne kawai. Hausawa Kiristoci na Wusasa a Zariya sun daɗe suna waɗannan ibadu da Hausa, kuma an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932. Katolika ma, tun bayan taron Vatican na biyu (1962 zuwa 1965), suka samu izinin yin ibada da harsunan gida maimakon Latin kaɗai.

Ga abin kiyayewa idan ka halarta. Lokacin da aka tashi layi don karɓar Jibin Ubangiji, zauna abinka. A Katolika, ko Kiristan wata ɗarika ba ya karɓa, balle baƙo, kuma ba wanda zai ga laifinka. Idan kuma ba ka son shiga cikin coci, sai ka jira liyafa ka yi wa maƙwabcinka barka. Hakan ma ya isa zumunci.