Barikokin Kuza: Yadda Talakan Ƙauye Ya Kafa Zangon Hausawa a Tudun Jos

Duk wanda ya bi ta Sharada ko Challawa ko Bompai da sassafe zai ga samari tsaitsaye a ƙofar kamfani suna jiran a ɗebe su aikin yini. Da yawansu manoma ne, ruwan farko na sauka za su tattara su koma gida. Wannan fita ta ɗan ƙauye neman aikin lada ta girmi masana'antun Kano nesa ba kusa ba. Tun injin bai fara kuka a Bompai ba, hanyar lebura ta riga ta buɗe, ta miƙe kudu zuwa duwatsun Jos, inda ake haƙar kuza. A bakin ramukan nan ne ɗaya daga cikin manyan zangunan Hausawa ya tashi, kuma ba kowa ne ya je can da ƙafar son ransa ba.

Hausawa sun san kuza tun kafin zuwan Turawa. A Ririwai ta ƙasar Kano, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Doguwa, da kuma Ririwain Dalma ta ƙasar Bauchi, akwai masu wanke kuza a rafi, su narka ta, su zuba dalma sirara, fatake su kai kasuwanni. Wannan dalma ce ta ja hankalin Kamfanin Neja, ya aiko masu bincike su gano tushenta. A 1903 injiniyansu H. W. Laws ya hau tudun, ya kafa sansani a Naraguta, kusa da rafin Dilimi. Ba a jima ba kamfanonin Ingila suka yi ca, gwamnatin mulkin mallaka ta raba musu filaye, sana'ar narkar Ririwai kuwa aka danne ta har ta mutu. Masu sana'ar da suka nuna hanya suka koma masu neman aiki a hannun baƙo.

A shekarun farko babu jirgi babu mota. A ka ake ɗaukar kuza, 'yan dako su yi kwana da kwanaki suna tafiya har Loko a bakin kogin Binuwai. Da aka zo shimfiɗa hanyar jirgi daga Baro zuwa Kano, wadda ta iso Kano a 1911, da ƙaramar hanyar da ta taso daga Zariya ta isa Bukuru a 1914, sai aka koma kan sarakuna: Razdan ya faɗa wa sarki adadin mutanen da yake so, sarki ya faɗa wa hakimi, hakimi ya faɗa wa dagaci, dogari ya shiga ƙauye. Ana biyan wani ɗan abu, amma wanda aka nuna ba shi da bakin cewa a'a. Abin da tsofaffi suke kira aikin diga ke nan.

Su waye suka cika barikokin farko? A nan dole a waiwayi gandayen da suka kewaye birnin Kano. Fanisau, Dorayi, Gandun Nassarawa, da Gandun Albasa da ke kan hanyar Sharada, duk gonakin sarauta ne da bayi suke nomawa. Dokar Lugga ta 1901 ta haramta cinikin bayi, ta kuma ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na shekarar ɗa ne, amma ba ta 'yanta waɗanda suke hannu ba. Sai a 1936 aka soke bautar ɗungurungum. A tsakanin nan bawa yana iya biyan murgu, wato ya yi aikin kansa yana ba ubangijinsa wani kaso, har ya tara kuɗin fansa. Bariki ta zama wurin da irin wannan mutum zai samu tsabar kuɗi, kuma wurin da ba mai tambayarsa asalinsa. Ɗa kuma haraji ne ya kore shi daga gida. Turawa suka ce da sulalla za a biya, ba da wuri ko damin hatsi ba. Mutumin Kano da ke kusa da tashar jirgi gyaɗa ta fisshe shi tun daga 1912. Wanda ke nesa da ma'auni, a ƙasar Sokoto ko arewacin Katsina ko Borno, ba shi da abin sayarwa sai ƙarfinsa. Yunwar Kakalaba ta 1914 ta ƙara tura mutane kan hanya. Daga ƙasar Faransa ma, Maraɗi da Damagaram da Tawa, mutane sun yi ta ƙetarowa suna gudun aikin tilas da haraji mai nauyi, domin can ba a soke aikin tilas ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta 1946.

Aikin kansa na diga ne da shebur da kwanon sarki. A sare ƙasa, a ɗora a ka, a hau da ita daga rami, a kai wurin wanki, cikin ruwan sanyi na tudu mai tsananin sanyi. Heluma ne yake tara mutane, shi ke tsaye a kansu, sau da yawa shi ne mai ba su bashi. A gefen bukkokin leburori sai mahauta suka zo, da masu tuwo, da maɗinka, da wanzamai, da makaɗa, da 'yan caca, da malamin da zai ja salla ya koya wa yara karatu. Kamfanoni ba su damu da caca da bashi ba, tunda lebura mai bashi ba ya saurin tafiya. Da haka sansanin wucin gadi ya zama gari: Barikin Ladi, Bisichi, Dorowa, Gindin Akwati, Mai Adiko, Sabon Gida, Kuru Karama, Bukuru. Jos kanta ta tashi a matsayin kasuwa da tashar waɗannan barikoki, da unguwanni irin su Gangare da Dilimi. Hausawan Jos suna lissafa jerin sarakunansu tun daga Bunu da Barde. Birom da Anaguta da Afizere kuwa suna cewa waɗannan shugabannin baƙi ne kawai da Turawa suka ɗora a kan ƙasar da take da masu ita. A 1926 aka cire yankin daga lardin Bauchi aka yi lardin Filato, a 1947 kuma aka naɗa Rwang Pam sarkin Birom, sarautar Jos ta koma hannun Birom.

Shekarun da suka fi kowanne muni su ne 1942 zuwa 1944. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda ake haƙar mafi yawan kuzar daular Ingila. Ido ya dawo kan Jos. Ingila ta riga ta sa hannu a yarjejeniyar duniya ta 1930 da ta hana aikin tilas, amma aka fake da yaƙi, aka kafa dokar ɗibar mutane zuwa ramukan kamfanoni masu zaman kansu, irin su Amalgamated Tin Mines of Nigeria. Talakawa suka sa wa abin suna ɗiban gwamna. Aka yanka wa larduna adadi, Sokoto da Katsina da Zazzau da Bauchi da Borno da Binuwai, kowane mutum ya yi kimanin wata huɗu kafin a sake shi. Kafin a dakatar da shirin a 1944, kimanin mutum dubu ɗari sun bi ta cikinsa, kamar yadda Bill Freund ya nuna a littafinsa na 1981 kan tarihin aikin kuza.

Yadda ake zaɓen wanda zai tafi shi ne abin da ya fi ci mini rai. Baturen da ke Kaduna lamba kawai ya rubuta. Dagaci ne ya san gida-gida, shi ya san wanda zai iya kawo akuya ko 'yan sulalla a tsallake sunansa, ya kuma san wanda ba shi da kowa. Saboda haka ɗan talaka ne ya tafi, da baƙon gari, da jikan bawa, da wanda ya taɓa yi wa mai unguwa gardama. Sun tafi da 'yar riga ɗaya, suka tarar da hunturun Jos, da bukkokin da ba su isa ba, da abincin da bai ƙosar ba. Ciwon huhu da atini suka yi ta kashe su, musamman a wurin ginin madatsar ruwa ta Tenti, wadda aka yi don ƙara wutar lantarkin injinan kuza. Dubbai suka gudu cikin dare suka kama hanyar gida a ƙasa. A gida kuma an bar gona ba mai nomewa, ga gwamnati tana karɓar hatsi a farashin da ta yanka don ciyar da barikoki, a daidai lokacin da yunwar 'Yar Gusau take cin mutane. Kuzar da aka fitar ta haura tan 17,000 a 1943, mafi yawa a tarihin ƙasar, amma ƙarin bai kai yawan mutanen da aka zuba ba. A Kano nauyin yaƙin ya fi zuwa ta hanyar gyaɗa: a noma da yawa, a sayar a farashin da hukuma ta ga dama.

Ba Hausawa kaɗai suka sha wannan ba, kuma duk tarihin da ya ɓoye haka bai cika ba. Birom sun ga an kwashe gonakinsu na acca an mai da su ramuka da tuddan jar ƙasa, diyyar da ake ba su ba ta taka kara ta karya ba. An sare itatuwansu, matansu suka koma sayar da itacen girki a bariki, su ma haraji ya tura su cikin rami da kwanon sarki a ka. Mai ƙasa ya rasa gonarsa, baƙo ya bar tasa a baya, ribar kuwa ta tafi Landan.

Bayan yaƙi wasu sun koma gida, wasu sun zauna, suka yi aure, suka haifi 'ya'yan da ba su san wani gari ba sai Jos. Waɗanda suka ɗanɗani ɗiban gwamna ba su bukaci dogon bayani ba da jam'iyyar NEPU ta kafu a Kano a 1950 tana yaƙi da aikin tilas da noman gandun hakimi. Jos ta zama ɗaya daga cikin garuruwan da jam'iyyar ta fi ƙarfi. Zangon ya girma har ya riƙa ba ƙasar Hausa abin da take ɗauka: a Jos Shehu Isma'ila Idris ya kafa ƙungiyar Izala a 1978, kuma Mighty Jets ta Jos ce ta fara cin gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a 1972.

A daidai wannan lokaci akalar ɗan cin rani ta fara juyawa zuwa Kano. Bompai ta cika da kamfanonin matsar man gyaɗa da saƙa da turare da alewa. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya buɗe Sharada da Challawa, da majemu da kamfanonin roba da na lemo, a kan filayen da jiya gonaki ne. Yanzu ba dogari, ba Di'o, mutum da kansa yake zuwa ƙofa. Amma tsarin bai yi nisa da na bariki ba: mai kula da leburori shi ke ɗauka shi ke kora, aikin yini ya fi na dindindin yawa, ƙauye kuma shi ke ɗaukar nauyin ma'aikaci in ya tsufa ko injin ya cinye masa hannu. Paul Lubeck ya rubuta yadda ma'aikatan Kano, da yawansu tsofaffin almajirai, suka yi yajin aiki a 1971 don a biya su ƙarin albashin da kwamitin Adebo ya tsara. Harajin da ya fara korar kakanninsu daga gona kuwa ya daɗe har 1979, lokacin da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke shi tare da jangali.

Sai wuraren biyu suka durƙushe kusan a tare. Farashin kuza ya karye a kasuwar duniya a watan Oktoba na 1985. A 1986 tsarin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, rashin wuta da shigowar kayan waje suka ƙarasa masana'antu da dama a Kano. A Jos aka bar ɗaruruwan kududdufai da ke cin mutane da dabbobi, matasa suka koma haƙar loto, ramin da kan rufta da su. A Kano aka bar gine-ginen da suka zama ɗakunan ajiya, da ruwan majemun Challawa da Sharada da ke gangarawa rafukan da manoman rani suke ban ruwa da su.

Da arziki ya janye, sai tambayar waye ɗan gari waye baƙo ta yi kaifi. An ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, aka yi rikici a 1994, da 2001, da 2008, da 2010. A watan Janairu na 2010 aka yi kisan gilla a Kuru Karama, tsohon barikin kuza, a watan Maris kuma aka yi wani a Dogo Nahawa, inda mafi yawan waɗanda aka kashe Birom ne. Jikokin waɗanda suka ɗauki kwanon sarki a rami ɗaya ne suke binne juna. Barikoki da dama da suka shekara kusan ɗari da Hausawa a ciki yau babu su a can, sun tattaru a wasu unguwannin Jos da Bukuru, ko sun koma Bauchi da Kano.

Mutanen da suka ga ɗiban gwamna da idonsu sun kusa ƙarewa, amma 'ya'yansu suna nan a Gangare da Bukuru da Barikin Ladi, da ƙauyukan Katsina da Sokoto, da labarin da iyayensu suka ba su. Ina kira ga malaman tarihi na Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos su tura ɗalibansu su ɗauki muryoyin nan, na Hausawa da na Birom baki ɗaya, su haɗa da takardun lardin Filato da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, su buga da Hausa yadda mai gadin kamfani a Sharada zai iya karantawa.