Wardin Dimashƙa: Itacen da Ya Ratsa Dauloli Hannu da Hannu

Alhajin da ya dawo daga Makka da 'yar kwalbar turaren wardin Ɗa'ifa ya ɗauko guntun wani dogon tarihi. Itacen da ke ba da wannan ƙamshi gajere ne mai ƙaya. Idan sanyi ya shigo yakan kaɗe ganyensa kamar ya mutu, sannan ya yi fure sau ɗaya a shekara, na 'yan makonni kawai. Turawa sun laƙaba masa sunan Dimashƙa domin ta ƙasar Sham suka san shi.

Asalinsa ya fi haka nisa. A shekarar 2000 masu bincike a Japan suka nuna cewa jinsin wardi uku ne suka haɗu suka haife shi, ɗaya daga cikinsu ɗan tsaunukan Asiya ta Tsakiya ne. Saboda wannan cakuɗar, abin da ya tsiro daga irinsa ba ya ɗauko halin uwar. Reshe ake yanka a binne har ya yi saiwa, kuma ta haka ya yaɗu, daga hannun wani manomi zuwa na wani.

Tun a ƙarni na 9 Al-Kindi ya rubuta littafi a Bagadaza kan haɗa turare da tace shi ta hanyar tururi. A zamanin Daular Usmaniyya noman wardin ya kafu a kwarin Kazanlak na Bulgeriya, daga can kuma aka kai rassansa Isparta ta Turkiyya a 1888. Binciken ƙwayoyin halitta ya tabbatar da cewa gonakin ƙasashen biyu kusan duk itace ɗaya ne da aka yi ta rarrabawa.

Kula da shi bai sauya sosai ba. Yana son tudu mai sanyi, shi ya sa a Ɗa'ifa ake noma shi a tsaunukan Hada da Shafa. Ana datse rassansa a lokacin sanyi, furen ya ɓarke a Maris da Afrilu. Da asuba ake tsinka, kafin rana ta ƙone man da ke jikin furen, a kai shi tukwanen jan ƙarfe a ranar. Sai an tara kilo 3,000 zuwa 4,000 na fure kafin a sami kilo ɗaya na mai. Ruwan wardi na cikin abin da ake haɗawa da Zamzam a wanke Ka'aba.

Raunin itacen yana cikin wannan dogaro da mutum. Yaƙin da ya ɓarke a Siriya a 2011 ya raba manoma da gonakinsu, noman wardi ya ja baya a ƙasar da ta ba shi suna. A 2019 UNESCO ta sanya sana'ar wardin ƙauyen Al-Marah cikin gadon al'adun duniya, amma rajista ba ta datse reshe. Gonar da aka bari shekaru ba ruwa ba gyara, sai an sami maƙwabcin da nasa itacen ya tsira, a roƙe shi reshe, a sake farawa.