Babi Na Uku: Tarihin Gudanar da Sassan Mulki da Ayyukan Jama'a a Garin Dawanau

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi nazarin yadda aka gudanar da sassan mulki da ayyukan jama'a a garin Dawanau, tun daga zuwan Turawa a shekarar 1903 har zuwa hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a kan kuɗin ƙananan hukumomi a shekarar 2024. Abin da ake nufi da ayyukan jama'a a nan shi ne hanya da ruwan sha da tsaftar gari da kiwon lafiya da makarantar firamare da kula da kasuwa. Babin zai nuna cewa a duk tsawon wannan lokaci daga wani wuri ake yanke shawarar yi wa Dawanau aiki, kuma har bayan da garin ya zama matattarar hatsi ta Afirka ta Yamma tsarin bai sauya ba.

3.1 Garin Dawanau da Ƙasarsa

Dawanau tana kan hanyar Kano zuwa Katsina, kimanin kilomita 20 arewa maso yamma da birnin Kano. Ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, wadda ƙidayar shekarar 2006 ta nuna tana da mutane fiye da 240,000. A tsarin sarauta kuwa, ƙasar Dawakin Tofa ta daɗe a hannun Madakin Kano, daga gidan Yolawa, wanda yake ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarki.

Garin yana cikin karkarar nan mai cunkoson jama'a da ta kewaye birni, inda gona take haɗe da gona, kuma ba a barin ƙasa ta huta. Manoman yankin sun daɗe suna kai itace da hatsi birni a kan jakuna, su komo da taki. Yawan jama'a ya sa haraji yake taruwa da yawa a yankin, kusanci da birni kuma ya sa hukuma take ganin duk mai buƙatar asibiti ko kotu yana iya zuwa Kano ya dawo a yini guda.

3.2 Zamanin En'e (1903 – 1967)

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na shekarar 1903. Kafin zuwansu, hakimai a birni suke zaune, jakadunsu ne suke zagaya garuruwa suna karɓo kuɗin ƙasa. A wajajen shekarar 1907 zuwa 1908, zamanin Razdan Kagil, aka harhaɗa garuruwa gunduma-gunduma, aka tura kowane hakimi ya zauna a ƙasarsa. Daga nan aka sami jerin nan na mai unguwa da dagaci da hakimi da Sarki. Ta wannan jeri umarni yake sauka, ta nan kuma haraji yake hawa. Garin Dawaki ne ya zama mazaunin hakimi, Dawanau kuwa ta kasance ɗaya daga cikin garuruwan da suke binsa.

A shekarar 1909 aka kafa baitulmalin Kano. Da farko rabin harajin da aka tara shi ake bar wa En'e, rabin kuma ya tafi ga gwamnatin Turawa. A gundumomin da suke kusa da birni an yi amfani da hanyar auna gonaki da taku, a yanka wa manomi haraji gwargwadon faɗin gonarsa, shi ya sa ake kiran ma'aikatan da malaman taki. Fulani kuma suna biyan jangali a kan shanunsu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa, talaka ya sami abin da zai sayar ya biya haraji da tsabar kuɗi.

Da wannan kuɗi En'e ta gina sassanta: sashen ayyuka, da na lafiya, da na ilmi, da na gona da daji da dabbobi, sannan ga 'yan doka da gidan yari da kotunan alƙalai. Dukkan shugabannin sassan a birni suke, ƙarƙashin 'yan majalisar Sarki. Abin da yake isowa gunduma shi ne wakilansu, wato malamin asibiti a ɗakin shan magani, da duba-gari, da malamin daji, da malamin gona, da malaman elemantare. Hakimi yana sa musu ido, amma albashinsu da umarninsu daga Kano suke fitowa. Manyan ayyuka ma a birni aka tare su. Misali, ruwan famfo da wutar lantarki da aka samar daga Calawa a farkon shekarun 1930 mutanen birni da unguwannin Turawa aka yi wa, alhali yawancin harajin daga karkara ya fito. Ƙananan ayyuka irin su share hanya da yashe rijiya da gyaran rumfunan kasuwa, dagaci ne yake tara jama'a a yi su da aikin gayya.

Dokar En'e ta shekarar 1954 ta ba da damar kafa majalisun gunduma da na ƙauye tare da ɗan asusun da za su riƙa yin ƙananan ayyuka. Sai dai kuma hakimi ne shugaban majalisar, babban kuɗin kuwa yana nan a baitulmali. Binciken da aka yi wa kuɗin En'e ta Kano, wanda ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi na Ɗaya a shekarar 1963, ya nuna irin haɗarin da yake tattare da tara dukiyar ƙasa duka a wuri guda.

3.3 Daga En'e Zuwa Ƙaramar Hukuma (1967 – 1999)

An ƙirƙiro Jihar Kano a watan Mayu na shekarar 1967, Audu Baƙo ya zama gwamnanta na farko. Cikin 'yan shekaru aka raba En'e da kotuna da gidajen yari da 'yan doka, aka mayar da su hannun gwamnati. Babban sauyi ya zo ne a shekarar 1976, lokacin da gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin Nijeriya. Tsohuwar Jihar Kano ta sami guda 20, Dawakin Tofa tana cikinsu. Ikon zartarwa ya koma hannun ciyaman da kansiloli, hakimai da dagatai kuma suka koma masu ba da shawara da sasanta jama'a. A wannan shekara ce kuma aka soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda ya cika makarantun karkara da ɗalibai fiye da yadda azuzuwa za su ɗauka.

Ga mutumin Dawanau, ofishin da ake kai kuka ya taso daga birni ya dawo Dawaki. Amma ba a jima ba hanyar samun kuɗin wannan ofishi ta sauya. A shekarar 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Talakawa sun yi murna ƙwarai, domin sun daɗe suna shan wahala a hannun masu karɓa. Duk da haka, haraji shi ne ginshiƙin kuɗin shigar ƙananan hukumomi, don haka sai suka koma dogaro da kason da ake turowa daga asusun tarayya. Wannan kaso ya tashi daga kashi 10 cikin 100 a farkon shekarun 1980 zuwa kashi 20 a shekarar 1992. Kuɗi ya ƙaru, amma igiyar da ta haɗa mai biya da mai kashewa ta tsinke. Shugaban da kuɗinsa daga Legas ko Abuja yake zuwa bai cika jin nauyin mutumin da yake zaune a bakin kwata ba.

Gyaran aikin gwamnati na shekarar 1988 ya tsara sassan ƙaramar hukuma kada su wuce shida: sashen mulki da ma'aikata, da na kuɗi, da na ayyuka, da na lafiya, da na gona, da na ilmi da walwalar jama'a. Kowane sashe yana da shugaba a sakatariya. A cikin waɗannan shekaru aka ɗora wa ƙananan hukumomi kiwon lafiya matakin farko, a shekarar 1991 kuma aka miƙa musu makarantun firamare gaba ɗaya. Albashin malamai ya gagare su a wurare da dama, har ta kai a shekarar 1993 aka maido da hukumar ilmin firamare ta ƙasa. Haka kuma an yi ta yanka sababbin ƙananan hukumomi, aka cire Jigawa a shekarar 1991, har Kano ta tsaya a kan 44 a shekarar 1996. Kowace sabuwa tana buƙatar sakatariya da ma'aikata da motoci. Hausawa sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

3.4 Kasuwar Dawanau da Nauyin da Ta Ɗora wa Garin

An kafa kasuwar hatsi ta Dawanau a shekarar 1985, saboda kasuwannin cikin birni sun yi wa masu hatsi da manyan motocinsu kaɗan. Lokacin ya dace da ita. Gwamnatin tarayya ta hana shigo da shinkafa da masara a wannan shekara, a shekarar 1986 kuma ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, cinikin ya koma hannun 'yan kasuwa. Ba a daɗe ba kasuwar ta zama cibiyar wake da gero da dawa da masara da gyaɗa, daga baya kuma riɗi da zoɓo da citta da ake fitarwa ƙasashen waje. Fatake suna zuwa daga Nijar da Cadi da Kamaru da kudancin Nijeriya.

Kundin tsarin mulki, na shekarar 1979 da na 1999, ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da makewayin jama'a da kwashe shara da ƙananan hanyoyi. A doka ke nan, waɗannan ayyuka na Dawakin Tofa ne. Amma sassan da aka tsara domin haƙa rijiya da rufin aji da raba takin zamani su ne aka wayi gari ana so su kula da wurin da tireloli suke shiga dare da rana. Hanyar da za ta ɗauki tirela cike da buhuna ta fi ƙarfin kasafin sashen ayyuka. Sashen lafiya ma duba-garinsa ba za su iya da sharar dubban baƙi da 'yan dako ba, balle sa ido a kan maganin ƙwari da ake zuba wa wake a ɗakunan ajiya.

Bugu da ƙari, hukumomi da dama ne suke da hannu a garin. Babbar hanyar Katsina ta gwamnatin tarayya ce. Filaye da tsara gine-gine, tun daga dokar mallakar ƙasa ta shekarar 1978, mafi yawansu suna hannun gwamna. Ruwan famfo na hukumar ruwa ta jiha ne. Asibitin masu taɓin hankali da yake Dawanau a da na jiha ne, daga baya ya koma hannun gwamnatin tarayya, kuma ba garin kaɗai yake yi wa aiki ba. 'Yan sanda da kwastan na tarayya ne. Idan magudanar ruwa ta toshe da damina, ba a rasa wanda zai ce aikin na wani ne.

Wannan giɓi jama'a ne suka cike shi da kansu. Ƙungiyar 'yan kasuwar tana da shugabanni a kowane ɓangare, su ne suke sasanta rikicin dillalai da fatake, su ɗauki masu gadi, su tsara lodi da sauke kaya. Masu hali suna haƙa rijiyar burtsatse, 'yan garuwa su kai ruwa gidaje. Masu unguwanni kuma, duk da an raba su da iko tun shekarar 1976, su ne ake nema a shaidar cinikin fili da rigakafin yara da tantance baƙo.

3.5 Daga Shekarar 1999 Zuwa 2024

Kundin tsarin mulki na shekarar 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, inda kason kowace yake fara sauka. Ta wannan hanya ake cire albashin malamai da sauran kuɗaɗe tun kafin ragowar ta isa sakatariya. Haka nan an kafa hukumomin jiha da suka karɓi ragamar ilmin firamare da kiwon lafiya matakin farko, sassan ƙaramar hukuma suka koma masu aiwatar da abin da aka tsara a Kano. A nan za a ga tarihi ya yi kama da zamanin baitulmali, inda kuɗi yake taruwa a birni, wakilai kuma suke karkara.

Wani abin da ya faru a watan Fabrairu na shekarar 2024 ya ƙara fito da wannan a fili. Da tsadar abinci ta yi tsanani, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ce ta je ta rufe wasu ɗakunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye kaya, shugabannin kasuwa kuma suka musanta zargin. Maganar ta kasance tsakanin jiha da 'yan kasuwa. A ranar 11 ga Yuli na wannan shekara Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai suke da ikon riƙe su.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda ragamar ayyukan jama'a a Dawanau ta tashi daga fadar Kano ta koma Dawaki a shekarar 1976, sannan mafi yawanta ta sake komawa Kano ta hanyar asusun haɗin gwiwa da hukumomin jiha. An kuma ga cewa mai karɓar kuɗi daban, wanda doka ta ɗora wa aiki daban, mai ƙarfin yin aikin shi ma daban. Hukuncin shekarar 2024 ya taɓa maganar kuɗi ne tsakanin jiha da ƙaramar hukuma, bai taɓa maganar garin da ya fi hedikwatarsa hada-hada amma yake da kansila ɗaya tak a majalisa ba. Babi na gaba zai duba yadda ƙungiyoyin 'yan kasuwa suke tafiyar da harkokinsu a cikin kasuwar.