Mece ce dibaga, kuma yaya ake gano kuskuren manhaja da ita?

Dibaga manhaja ce da ke bai wa mai rubuta shirin kwamfuta damar tsayar da shirin yana tsaka da aiki, ya leƙa cikinsa, ya ga inda lissafi ya kauce. Fitattu daga cikinsu su ne GDB, wadda Richard Stallman ya fitar a 1986, da pdb ta harshen Python, da jdb ta Java.

Inda kuskure ke ɓuya

Harsunan Java da C++ da Python na bin salon da ya faro daga Simula, harshen da Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙirƙira a Norway a shekarun 1960. A wannan salo akan tsara "aji", wato zubi guda, sannan a riƙa fitar da "abubuwa" daga gare shi. Ajin asusun banki, alal misali, zai iya haifar da asusu dubu, kowanne da bayanansa.

Sunaye biyu kan yi nuni ga abu ɗaya, sai a taɓa shi a nan, ɓarnar ta ɓullo a can. Haka kuma ƙaramin aji kan gaji aiki daga babba ya sauya shi, ta yadda karanta rubutun kaɗai ba lallai ya nuna wanda zai gudana ba.

Yadda ake farautarsa

Da farko sai an sa kuskuren ya maimaita kansa. Daga nan a dasa alamar tsayawa a layin da ake zargi, a bi shirin layi-layi ana duba abin da kowane abu ke ɗauke da shi. Jerin kiraye-kiraye na nuna aikin da ya kira wani har aka iso wurin. Ana kuma iya umartar dibaga ta tsaya da zarar adadin kuɗin wani asusu ya canza, a kama layin da ya canza shi.

Abin da sakaci ke jawowa

Tsakanin 1999 da 2015 an yanke wa masu kula da rassan gidan waya fiye da 900 hukunci a Birtaniya bisa alƙaluman manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu, wasu har suka yi zaman gidan yari. A 2019 Babbar Kotu ta tabbatar da cewa manhajar na da kurakuran da ke iya nuna giɓin kuɗin da babu shi, kuma a 2024 majalisar dokoki ta yi dokar soke hukunce-hukuncen.