Komawa tuƙi bayan tiyatar sauya kwatangwalo: Abin da ya kamata direban Abuja ya sani

Tiyatar sauya kwatangwalo aiki ne da likitocin ƙashi ke yi domin cire gaɓar da ta lalace tsakanin ƙashin cinya da ƙugu, su maye gurbinta da ta ƙarfe, roba mai ƙarfi ko tangaran. Likitan Birtaniya, Sir John Charnley, shi ne ya aza harsashin tsarinta na zamani a Asibitin Wrightington da ke Ingila a shekarar 1962.

A Najeriya ana yin wannan aiki a manyan asibitoci, ciki har da Asibitin Ƙasa na Abuja da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Galibin masu buƙatarsa su ne dattawan da amosanin gaɓɓai ya cinye wa gaɓa, da waɗanda suka karye, da kuma masu cutar sikila, wadda kan toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya har ya mutu. Saboda haka da yawa daga cikin majinyatan matasa ne masu aiki, waɗanda ke ɗokin komawa bakin sitiyari.

Yaushe ake komawa?

Hukumar kula da lafiya ta Birtaniya, NHS, tana ba da shawarar a dakata aƙalla mako 6, kuma a nemi izinin likita tukuna. Sai dai ba ƙidayar kwanaki kaɗai ke yanke hukunci ba. Babban ma'auni shi ne ko mutum zai iya ɗauke ƙafa daga totur ya danna birki da ƙarfi, nan take, ba tare da zafi ko shakka ba.

Dalilin a fili yake. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. A kan titin Umaru Musa 'Yar'aduwa mai zuwa filin jirgin sama, ko babban titin Kubwa, jinkirin rabin daƙiƙa na nufin ƙarin tafiyar kusan mita 14 kafin birki ya fara kamawa. Wannan tazara ta isa ta raba tsira da haɗari.

Ƙafar da aka yi wa aiki da irin mota

Ƙafar dama ce ke taka birki da totur, don haka wanda aka yi wa aiki a dama ya fi buƙatar haƙuri. Wanda aka yi wa a hagu, kuma motarsa mai sauya giya da kanta ce, likita na iya sahale masa da wuri. Idan kuwa mai kuloci ce, ƙafar hagu ma tana da aiki, musamman a cunkoson Nyanya da Mararaba, inda direba kan taka ya saki ba adadi.

Sharuɗɗan da ake dubawa

Na farko, mutum ya daina shan magunguna masu sa barci ko jiri, irin su tramadol da kodin. Raguwar zafi saboda magani ba warkewa ba ce.

Na biyu, ya iya tafiya da ƙarfinsa ba tare da dogaro sosai da sanduna ba.

Na uku, ya iya shiga mota da fita, ya kuma waiwaya, ba tare da murɗa ƙugu ba.

Na huɗu, ya gwada danna birki da ƙarfi sau da yawa a cikin motar da ke tsaye a kashe. Mai motar haya ko ta ofis ya sanar da wurin aikinsa, mai inshora kuma ya tuntuɓi kamfaninsa.

Zama cikin mota

A makonnin farko ana fargabar gocewar sabuwar gaɓa. Likitoci kan hana wasu majinyata lanƙwasa ƙugu fiye da digiri 90 ko harɗe ƙafafu, gwargwadon ɓangaren da aka yi yankan. Don haka a ja kujera baya, a ɗan kwantar da majinginarta, a ɗaga mazaunin yadda gwiwa ba za ta fi ƙugu tsawo ba. Wajen shiga, a fara zama tukuna, sannan a juyo da ƙafafu biyu tare.

A fara da gajeriyar tafiya a cikin unguwa, da rana, tare da wani direba a gefe. Doguwar tafiya kamar ta Abuja zuwa Kaduna ko Lokoja ta jira, domin dogon zama bayan tiyata yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. In ta zama dole, a riƙa tsayawa ana taka ƙasa.

Alamomin haɗari

Kumburi da zafi a sha-raɓa, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, zazzaɓi, ruwa daga wurin ɗinki, ko ƙafa ta gajarce farat ɗaya tare da tsananin ciwo, duk suna buƙatar a garzaya asibiti nan take, kuma wani ne zai tuƙa majinyacin.